Murar da ta ƙi jin kafso: tarihin yadda aka gano cewa ƙwayoyin cuta ma suna kafa gari

Duk wanda ya taɓa yin hunturu a ƙauyukan da ke tsakanin Dawakin Tofa, Bichi, Makoɗa da Ɗambatta ya san irin mutumin da za mu yi magana a kansa. Tun da aka gama girbi hancinsa ya toshe. Majina mai kauri, wata rana ruwan ɗorawa wata rana kore-kore, tana gangaro masa ta bayan maƙogwaro. In ya sunkuya zai ɗaure dami, sai ya ji kunci da goshi sun yi nauyi kamar an aza masa dutse. Ƙamshin miya ma ya daina zuwa masa. Ya je kemis an haɗa masa Ampiclox na kwana uku, ya ji sauƙi, bayan mako biyu abu ya dawo. Ya koma an canza masa Septrin, ya dawo. Wani ya ce ai Augmentin ne mai ƙarfin, ya sayar da tiya biyu ta gyaɗa ya saya, ya dawo. Har damina ta faɗi yana nan yana jan hanci, ya yanke hukunci cewa maganin yanzu duk jabu ne.

Jabun magani dai akwai shi, babu mai musu. Amma ko da na gaske aka ba shi, kuma ya sha yadda aka ce, akwai yiwuwar sakamakon ya zama ɗaya. Dalilin yana cikin wani tarihi da ya faro daga bakin wani ɗan kasuwar yadi a shekarar 1683, ya bi ta tumbin saniya, bai iso cikin hancin ɗan Adam ba sai 2004.

Kogwanni takwas a cikin fuska

Ƙasusuwan fuskar mutum suna da kogwanni masu iska a ciki, huɗu a dama huɗu a hagu: na kunci, na goshi, na tsakanin idanu, da wani can ciki bayan hanci. Su ne likitoci ke kira sainos. An daɗe da sanin su. Leonardo da Vinci ya zana na kunci wajen 1489, wani likitan Ingila, Nathaniel Highmore, ya yi cikakken bayaninsa a 1651.

Bangon kowane kogo yana da laushi kamar cikin baki, yana fitar da majina ko da mutum lafiyarsa ƙalau, don ita ke kama ƙura da ƙwayoyin cuta. A kan bangon akwai wasu ƙananan gashi da ido ba ya gani, suna kaɗawa dare da rana, suna share majinar zuwa wata 'yar ƙofa da ke buɗewa cikin hanci. Faɗin ƙofar nan 'yan milimita ne kawai. Ta kogon kunci ma a sama take, kusa da rufi, wato sharar sai an haura da ita. Kun ga ke nan da zarar bangon ya kumbura ƙofa ta rufe, ko gashin suka gaji, majina za ta kwanta kamar ruwan kududdufi.

A arewacin Kano kuwa abubuwan da ke gajiyar da su ba kaɗan ba ne. Yanki ne da gona ke manne da gona, gida na hango gida, har Michael Mortimore da abokin aikinsa na Jami'ar Ahmadu Bello suka wallafa nazari a kansa a 1965 saboda yawan jama'a da yadda ake noma ƙasar duk shekara ba hutu. Bayan kaka fili yakan zama tsirara. Ga ƙurar sussuka da shiƙa, ga hayaƙin kara a madafi, sannan daga Nuwamba zuwa Maris ga hazo. Yawancin ƙurar hazon nan daga kwarin Bodele take tasowa a arewacin Chadi, busasshen gindin wani tsohon tafki, wanda masana ke ɗauka a matsayin wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Busasshiyar iska tana daskarar da majina, ƙura tana fusata bangon hanci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A lura da bambanci guda. Murar da muka saba, bairos ne ke kawo ta, takan wuce cikin kwana goma, kuma kashi 2 cikin 100 ko ƙasa da haka ne ke rikiɗewa zuwa ciwon bakteriya. Wadda muke magana a kai ita ce wadda ta kai mako 12 ko fiye: toshewar hanci ko zubar majina, haɗe da nauyin fuska ko raguwar jin ƙamshi. Ita ce ke ƙin jin kafso.

1683: dattin haƙori da ruwan khal

Antonie van Leeuwenhoek mai sayar da yadi ne a garin Delft na ƙasar Holan. Bai yi karatun jami'a ba, amma ya iya goge ƙananan gilasai masu ƙara girman abu fiye da kowa a zamaninsa. Ranar 17 ga Satumba 1683 ya rubuta wa ƙungiyar masana ta Royal Society da ke Landan wasiƙa a kan farin dattin nan da ke taruwa tsakanin haƙora. Ya kankaro nasa, ya kankaro na wasu tsofaffi biyu da ba su taɓa wanke baki ba, ya duba a madubinsa, ya ga ƙananan halittu ba iyaka suna ta motsi.

Sai ya yi wani gwaji da ba a gane darajarsa ba sai bayan kusan shekara 300. Ya kurkure bakinsa da ruwan khal mai tsami sosai, ya sake kankaro dattin, ya tarar halittun suna nan da ransu. Amma da ya dama ɗan dattin a cikin khal ɗin, nan take suka mutu. Sai ya ce lallai khal ɗin na bakin waje kawai ya kashe, bai ratsa cikin dattin ba.

Abin da ya gani shi ne yau ake kira bayofim: taron bakteriya da suka manne a jikin wani abu, suka lulluɓe kansu da yauƙin da su da kansu suka fitar. Kai ma ka san shi. Santsin da kake ji a cikin randa in ta kwana biyu ba a wanke ba, da wanda ke kwanciya a kwamin shayar da dabbobi, da wanda asuwaki ke kankarewa kullum safe, duk shi ne. Kuma kowace uwar gida ta san ɗauraya ba ta fitar da santsin randa, sai an sa soso.

Zamanin Koch: an kama su ɗaya-ɗaya

Bayan shekara 200 aka tabbatar cewa waɗannan halittu suna kawo cuta. Robert Koch na Jamus ya gano ƙwayar tarin fuka a 1882, ya bi sawun ta kwalara a Masar da Indiya a 1883 da 1884. Dabararsa ita ce a ware nau'in ƙwaya ɗaya tak, a rene ta ita kaɗai a kan abinci mai daɗi, a yi nazarinta. Fanny Hesse, matar ɗaya daga cikin masu aiki da shi, ita ta kawo shawarar amfani da wani sinadari mai daskarewa da ake samu daga ciyawar teku, Julius Petri kuma ya ƙirƙiro ɗan faranti mai murfi a 1887. Har gobe da su ake aiki a kowane ɗakin gwaji, har da na Kano.

Wannan dabara ta ceci rayuka ba adadi, domin ta dace da cututtukan da ke zuwa da gaggawa irin su kwalara da sanƙarau, inda ƙwayoyi ke yawo a sake suna hayayyafa da sauri. Sai dai ta bar wani gurbi. Ƙwayar da aka ware, aka ba ta abinci har ya yi mata yawa, ba ta da dalilin mannewa ko yin yauƙi. Sai aka yi shekara da shekaru ana zaton haka bakteriya suke rayuwa ko'ina: kowa shi kaɗai, yana iyo.

Akwai waɗanda suka yi ƙorafi. A 1933 Arthur Henrici na Jami'ar Minnesota ya jefa ƙananan gilasai cikin ruwa, ya ciro su ya tarar sun cika da bakteriya a manne, ya ce akasarin na cikin ruwa a jikin abu suke zaune. Claude ZoBell ya nuna irin haka a ruwan teku a 1943. Amma su masana ruwa ne, likitoci ba su ga abin da ya shafe su ba.

Penisilin da ƙwayoyi masu naci

Alexander Fleming ya gano penisilin a Landan a 1928, Howard Florey da Ernst Chain suka mayar da shi magani a Oxford, aka fara gwada shi sosai a jikin majiyyaci a 1941. Duk maganin antibayotik da ya biyo baya, a kan ƙwayoyi masu iyo aka auna ƙarfinsa. Gwajin da ake yi yau in likita ya tura majina ko fitsari lab, inda ake ɗora ƙananan takardu masu magani a kan faranti a ga wanne ya hana ƙwaya tsiro, an daidaita shi ne a 1966, kuma shi ma ƙwayoyin da ke cikin ganiyar hayayyafa yake aunawa.

Tun farko-farko an ga alamar matsala. A 1942 Gladys Hobby a New York ta lura penisilin yana kashe ƙwayoyin da ke hayayyafa ne, waɗanda suka tsaya cik ba ya taɓa su. A 1944 Joseph Bigger, wani farfesa ɗan Ailan da ke aikin likitan soja a Ingila, ya zuba penisilin a kan Staphylococcus ya tarar duk yadda ya yi sai 'yan ƙalilan sun tsira, kamar ɗaya cikin miliyan. Da ya cire maganin suka farfaɗo suka hayayyafa, ya sake zuba wa 'ya'yansu, sai maganin ya kashe su kamar yadda ya kashe na farko, ya sake barin 'yan ƙalilan. Wato waɗanda suka tsira ba wani sabon iri ba ne mai ƙarfi. Barci kawai suke yi lokacin da magani ya zo. Ya sa musu suna mai ma'anar masu naci.

Manomin dawa ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, kana iya tuge duk wanda ya fito bana, amma irinsa yana kwance cikin ƙasa, yana iya yin fiye da shekara goma yana jira. Abin da ya tsiro kake iya kashewa. Penisilin da danginsa, har da ampisilin da amoksisilin da ke cikin kafson kemis, suna aiki ne ta hanyar ɓata ginin bangon ƙwaya lokacin da take rabuwa biyu. Wadda ba ta gini, ba abin da za a ɓata mata.

Daga tumbin saniya zuwa robar fitsari

Mutumin da ya haɗa waɗannan zaren wuri guda shi ne Bill Costerton na Jami'ar Calgary a Kanada. A shekarun 1970 shi da abokan aikinsa suna nazarin yadda saniya ke narkar da ciyawa. Da suka duba abin da ke cikin tumbi kai tsaye, ba tare da sun rene shi a faranti ba, sai suka ga bakteriyar a manne suke da zaren ciyawa, cikin wani yauƙi mai kama da saƙa. Suka je ƙoramun kan duwatsu, suka tarar waɗanda ke manne a jikin dutse sun ninka masu iyo nesa ba kusa ba. A 1978 suka wallafa maƙala a mujallar Scientific American a kan yadda bakteriya ke mannewa. A daidai wannan lokaci Niels Høiby a Kofanhegan yana ganin dunƙule-dunƙulen Pseudomonas cikin yauƙi a majinar ƙirjin masu wata cutar huhu ta gado, waɗanda magani ke sassauta musu amma ba ya raba su da ƙwayar.

Hujjoji biyu suka ja hankalin likitoci. A 1982 aka ba da rahoton wani majiyyaci mai na'urar daidaita bugun zuciya, wanda Staphylococcus aureus ke shiga jininsa. A ba shi magani na makonni ya warke, a tsaya ya dawo. Sai da aka ciro na'urar, aka duba wayarta, aka ga ƙwayoyin jibge a kai. A 1985 kuma Curtis Nickel da Costerton suka rene Pseudomonas a jikin robar fitsari. Masu iyo, maikirogiram 50 na maganin tobramaisin a kowace mililita ya gama da su. Na manne kuwa, an jiƙa su cikin 1,000 na tsawon awa 12, da yawansu suna nan da rai. Da aka wargaza taron aka gwada su ɗaya-ɗaya, sai suka koma jin magani kamar kowa. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

A 1999 Costerton da Philip Stewart da Peter Greenberg suka tattara wannan duka a mujallar Science, suka ce bayofim na daga cikin manyan dalilan cututtuka masu naci. Daga nan likitocin kowane fanni suka shiga dubawa a nasu ɓangaren.

2004: an leƙa cikin kogon hanci

Likitocin kunne, hanci da maƙogwaro sun daɗe da wani abin ɗaure kai. Majiyyaci yana da duk alamun ƙwayar cuta, amma a kai majinarsa lab wani lokaci ba abin da zai tsiro. Ko kuma ya tsiro, takarda ta ce magani kaza zai kashe shi, a ba shi, ya dawo bayan wata guda.

A 2004 tawagar James Palmer a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka ta duba naman da aka yanko daga kogon hancin masu wannan ciwo da madubi mai aiki da ilektiron, ta ba da rahoton farko na bayofim a wurin. A 2005 wata tawaga a West Virginia ta same shi a majiyyata 24 cikin 30. A 2006 masu bincike a Montreal suka nuna cewa waɗanda Staphylococcus aureus ko Pseudomonas ɗinsu ya iya yin bayofim sun fi samun matsala bayan tiyata, tawagar Peter-John Wormald a Adelaide ta Ostareliya ta sake tabbatar da haka a shekarun da suka biyo. A wuraren da bayofim ya kwanta, sau da yawa akan tarar ƙananan gashin nan masu shara sun lalace ko sun ɓace gaba ɗaya.

To, me ke faruwa in kafso ya isa can? A ɗauki misalin tsohon birni mai ganuwa. Mutum ɗaya a gidan gona, mahara kaɗan sun ishe shi. Birni kuwa wani abu ne daban, kuma ganuwar ba ita kaɗai ce kariyarsa ba.

Na farko, yauƙin. An yi shi da sukari mai sarƙaƙiya, furotin da DNA, yana riƙe wasu magunguna ko ya rage musu gudu, yana kuma hana fararen ƙwayoyin jini haɗiye bakteriyar. Na biyu, waɗanda ke can ƙasan taron ba sa samun isasshen abinci da iskar oksijin, sai su rage aiki, magani ya zo ya wuce su. Na uku, masu nacin Bigger, waɗanda suka fi yawa a cikin bayofim. Na huɗu, maƙwabtaka: in nau'i ɗaya a cikin taron yana fitar da sinadarin da ke lalata amoksisilin, na kusa da shi ma sun sha inuwa. Jimlar wannan ita ce a gwaje-gwajen lab akan buƙaci ninki 10 zuwa 1,000 na magani kafin a kashe ƙwayar da ke cikin bayofim, adadin da ba a iya kaiwa da haɗiya ba tare da an cutar da hanta ko ƙoda ba.

Lokaci-lokaci wasu ƙwayoyi sukan ɓalle daga taron su fantsama. Ranar nan ce mutum ke jin zazzaɓi, majina ta ƙara kauri. Kafso ya kashe waɗanda suka fito, mutum ya ji garau. Garin kuwa yana nan. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Juriya daban, bijirewa daban

Wannan da muka bayyana juriya ce: ƙwayar ba ta canza ba, yanayin zamanta ne ya kare ta. Bijirewa kuwa ita ce ƙwayar ta canza a halittarta ta gado, maganin ya daina yi mata komai ko tana ita kaɗai, kuma ta gadar wa 'ya'yanta. Abin tsoron shi ne ta farko tana share wa ta biyu hanya. A 2017 tawagar Nathalie Balaban ta nuna a lab cewa bakteriyar da ake ba ampisilin ana tsayawa, ana ba su ana tsayawa, sukan fara da juriya sannan su kai ga bijirewa. Cikin bayofim kuma, da yake a cunkushe suke, musayar sinadarin gado tsakaninsu ta fi sauƙi. Fleming kansa ya yi gargaɗi a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945 cewa shan penisilin ƙasa da ƙima zai koya wa ƙwayoyi bijirewa.

Yanzu a tuna da mutuminmu na farko: kwana uku na wannan, kwana biyar na wancan, wata shida a jere. Kowane zagaye bai taɓa garin da ke kuncinsa ba, amma ya bi ta hanjinsa, fatarsa da maƙogwaronsa yana tace masu bijirewa. A doka, masu shagon magani na ƙauye ba su da izinin sayar da irin waɗannan magunguna ba takardar likita, amma inda asibiti ke da nisa kuma kuɗin mota ya fi kuɗin kafso, kowa ya san yadda ake yi. Babban binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa bijirewar bakteriya ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, kuma yammacin Afirka ne ke kan gaba a yawan mace-macen, kimanin 27 cikin kowane mutum 100,000. Najeriya ta fitar da shirinta na farko na yaƙi da matsalar a 2017. Ranar da ɗan wannan mutumin zai kamu da ciwon huhu, amoksisilin ɗin nan ake fatan ya yi aiki.

Gardamar da ba a rufe ba

Kada mai karatu ya tafi da cewa bayofim ne kaɗai mai laifi. A 2006 wani bincike a San Diego ya same shi a majiyyata 14 cikin 18, amma ya same shi a mutum 2 cikin 5 da ba su da ciwon. Har yanzu masana suna muhawara ko shi ke fara ɓata bangon kogo, ko kuwa sai bangon ya ɓaci yake samun wurin zama. Ƙa'idojin Turai na 2020 sun ɗauki ciwon a matsayin kumburi mai daɗewa wanda abubuwa da yawa ke hurawa: alaji, asma, hayaƙi, tsiron nama a hanci, da ƙwayoyin cuta. Nazarin Cochrane na 2016 ya tattara gwaje-gwaje 5 masu mutum 293, ya ce hujjar cewa antibayotik na haɗiya yana warkar da shi kaɗan ce ƙwarai.

Akwai kuma masu kama da shi. Ruɓaɓɓen turmin haƙori na sama yakan zuba ƙwayoyi cikin kogon kunci, ya kawo majina mai wari ta hanci ɗaya, kuma sai an gyara haƙorin. A ƙasashe masu zafi da bushewa akwai na fumfuna. Tun shekarun 1960 likitoci a Sudan suka ba da rahoton Aspergillus flavus a kogon hanci, wato fumfunar nan da ke ɓata gyaɗa a rumbu. Antibayotik ba ya yi wa fumfuna komai.

Komawa ga soso

Abin mamaki, inda tarihin ya ƙare bai yi nisa da randar uwar gida ba. Walter Messerklinger na Graz a ƙasar Ostiriya ya nuna cewa gashin kogo kullum zuwa ƙofar asali suke shara, ko da likita ya huda wata a ƙasa. Daga aikinsa aka samo tiyatar zamani, wadda David Kennedy ya yaɗa a Amurka daga 1985: a zura siririyar na'ura mai fitila ta hanci, a faɗaɗa ƙofar, iska ta shiga, ruwan wanki ya samu hanya. An gwada zuba abubuwa iri-iri cikin ruwan wankin, har da zumar manuka ta New Zealand, wadda ta kashe bayofim a faranti amma a jikin mutane ba ta nuna fifiko a fili kan ruwan gishiri ba. Don haka kada a ɗura zuma ko wani haɗi a hanci da sunan an karanta a intanet.

Abin da ya tsaya da ƙafarsa abu biyu ne masu araha. Ɗaya, wanke hanci da ruwan gishiri mai yawa kullum: gishiri giram 9, kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya da rabi, a lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce. Shaƙa ruwa da facewa ba baƙon abu ba ne ga mai alwala, bambancin shi ne yawan ruwan, gishirin, da tafasawar, don ruwan rijiya ko na dam ɗanye yana iya shigar da wata cutar. Biyu, maganin feshi na rage kumburi da likita zai rubuta, wanda sai an yi makonni ana amfani da shi kafin a ga aikinsa. Maganin ɗigawa mai buɗe hanci nan take kuwa, in ya wuce mako guda shi kansa yakan zama sanadin toshewa. Rufe hanci da ƙyalle ko rawani ranar shiƙa da ranar hazo, da fitar da hayaƙi daga madafi, su ma suna rage wa gashin nan aiki.

In an yi wata uku ana fama, lokaci ya yi da za a bar kemis a nemi babban asibiti na kusa, a Bichi ko Ɗambatta, a nemi takardar turawa zuwa sashen kunne, hanci da maƙogwaro. Akwai shi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma cibiyar ƙasa ta wannan fanni a Kaduna. Can ne ake iya leƙa hancin da na'ura, a ɗauki hoton CT in da buƙata, a bambance na kumburi, na haƙori da na fumfuna.

Amma fa akwai ranar da antibayotik shi ne ceto, kuma ba a jira. Kogwannin nan bango ɗaya suke da ido da ƙwaƙwalwa. In fatar ido ta kumbura ta yi ja, ko ido ya turo, ko mutum yana ganin abu biyu-biyu, ko goshi ya kumbura, ko ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya ko ruɗewa, musamman ga yaro, a tafi asibiti a ranar, ko da dare ne. Saboda irin wannan ranar ake so a bar maganin da ƙarfinsa.